Sunan Da Na Cire Daga Takardar Shibili

Sallama gare ku ma'abota wannan shafi nawa. Kafin komai bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce, wai ni ba son Shibili nake yi ba, gadinsa nake yi. 'Yar uwa, kwana biyu cur na yi ina jin haushinki, saura ƙiris in toshe ki. Yau ga ni na dawo da ƙafata in ce kin yi gaskiya, sai dai ko ke ba ki san inda abin ya kai ba. Abin da zan faɗa yau ko Ummata da ta haife ni ba ta sani ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Rinsha, shekarata ashirin da shida, a birnin Kozhikode na bakin teku aka haife ni kuma nan nake. Aikina rubuta wa mutane takardar neman mallakar ƙirƙira. Ka ƙera wani sabon abu, ka zo ofishinmu, in tsara bayaninsa in miƙa wa hukuma, in an amince to shekara ashirin ba mai taɓa abinka sai da izininka. Shi kuwa Shibili, mutumin da nake so kamar in haɗiye shi, yana cikin masu ganin wannan sana'a tawa fashi ce da alƙalami. 'Yan buɗaɗɗiyar manhaja ne. Su rubuta manhaja su baza ta a intanet, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara, sharaɗin dai kada ya kulle ta. A wajen muhawara muka fara haɗuwa, ya kira ni 'yar kwaɗo da mukulli a gaban mutum ɗari, ni kuma na ce masa waliyyin da ba shi da kuɗin mota. Bayan wata uku shi ke raka ni tashar bas.

Yana da wata manhaja ta masunta. In jirgi ya yi nisa cikin teku sabis ya ɗauke, sai saƙo ya riƙa tsalle daga wayar wannan jirgi zuwa ta wancan har ya iso gaɓa. Matan unguwar masunta ta Puthiyappa ba sa gajiya da sa masa albarka, don yanzu suna sanin mazansu na raye kafin su ga jirgi. Ba shi kaɗai ya yi ta ba, su biyu ne, shi da wata mai suna Nimisha. To kun ji sunan da ya hana ni sakat shekara guda.

Da a ce kyakkyawa ce mai yanga da na san yadda zan yi da ita. Ina! Gashi a ɗaure da fensir, rigar auduga da ta koɗe, silifas na roba, da wata tsohuwar lemar babanta da take yawo da ita ko ana rana. Ni sai in yi minti arba'in gaban madubi ina daidaita mayafi da kwalli, in iso in tarar sun haɗa kai a kan kwamfuta ɗaya, shi ya fara magana ita ta ƙarasa, su tuntsire da dariya a kan abin da ko an fassara min ba zan ga abin dariya ba. Wasu matan wayar saurayi suke bincika a ɓoye. Ni ban ma sha wannan wahala ba, tunda mutanen nan komai nasu a fili yake. Duk gyaran da aka yi wa manhaja yana nan a shafinta, da suna da rana da lokaci. Kullum da safe a cikin bas nake karantawa kamar mai bitar karatu: Nimisha ta gyara, Shibili ya amince, Nimisha ta ƙara, Shibili ya amince. Wata rana ya rubuta mata, "Wannan dabara ta yi kyau matuƙa." A makon nan na sa koriyar rigata mai aikin zare a wuya, na tambaye shi ya ya gani, ya ce ba laifi.

Kishi kumallon mata, in ji masu magana. Nawa ya daɗe da wuce kumallo, ya zama ciwo.

Sai kuma Uppa, mahaifina. Fataucin katako yake a Kallayi tun ban zo duniya ba, kuma duk gungumen da ya shigo hannunsa sai an buga masa tambarinsa da guduma kafin ya kwana. Ranar da Shibili ya fara zuwa gaishe shi, sanye da farin zane da riga mai guga, Uppa ya tambaye shi me ya mallaka. Shibili ya yi ta bayanin jirage da matan masunta, ya rufe da cewa abin ai na kowa ne. Uppa ya kurɓi shayinsa ya ce su a Kallayi gungumen da ba tambari sunansa tsintuwa. Tun daga nan wata takwas aka yi ana jan magana. Umma ta fara ajiye min hotunan wasu samarinmu masu aiki a Sharjah a kan teburin guga kamar mantuwa ta yi. Daga ƙarshe da na yi kuka na ƙi cin abinci, Uppa ya yanke magana.

"Ya nuna min abu ɗaya tak mai sunansa a jiki, wanda gwamnati ta buga, in sa rana. Ban ce gida ba, ban ce mota ba."

Na gaya wa Shibili, ya yi dariya ya ce lasisin tuƙinsa ma gwamnati ce ta buga.

Farkon damina muna zaune a shagon shayi na bakin teku ya zaro wata takarda daga jaka, jiki na rawa, ya shimfiɗa min. Sun gano yadda wayoyin jiragen za su riƙa barci bi da bi, wasu na gadi wasu na hutawa, caji ya kai kwana uku maimakon ɗaya. Ba su sake shi a intanet ba tukuna, sai sun gwada a teku bayan ruwa ya lafa. Zanen jirage bakwai ne da koren biro, kuma na san mai koren biro. Shi ma bai ɓoye ba, ya ce Nimisha ce ta gano shi tana tsaye a layin asibiti, shi rubuta manhajar kawai ya yi, yarinyar nan kanta yana ja. Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Wallahi ji na yi kamar an zuba min barkono a ƙirji. Da ya tashi wanke hannu na ɗauki hoton takardar da wayata, a lokacin ni kaina ban san me zan yi da shi ba.

Ƙarya nake yi. Na sani.

Dokar ƙasarmu ta ce ba a ba manhaja zalla takardar mallaka, kuma wannan layi ɗaya shi ne abin da su Shibili suke karewa kamar ransu. Amma mu 'yan sana'a mun san yadda ake yi wa manhaja sutura. Ka sa mata eriya a rubuce, ka sa mata batir da akwati, ka kira ta na'ura, ka tura ka ga ko za ta wuce. Kwana huɗu na yi ina tsarawa a lokacin hutun cin abinci, ban bi ta ofishinmu ba, da lambar rajistata ta kaina na yi. Da na zo gurbin da ake sa sunan wanda ya ƙirƙira, na rubuta sunan Shibili, yatsana ya sauka layi na biyu. Allah shaida ne sai da na buga haruffa uku na sunanta. Sai na hango Uppa da tabarau yana tambayar wace ce wannan, na hango sunayensu biyu jere a takardar gwamnati, nasa sama nata ƙasa, har abada, ni kuma nawa can ƙarshe a matsayin magatakarda. Na goge. Ba wanda ya fi ni sanin cewa cire sunan mai ƙirƙira laifi ne da ke rusa takarda, ni nake gaya wa masu zuwa ofis haka kullum.

Saura sa hannunsa. Mutumin da ba ya sa manhaja a wayarsa sai ya karanta sharuɗɗanta layi-layi, har ya taɓa hana ni sauke wani wasa saboda sakin layi na sha tara. Na cusa fom ɗin a tsakiyar takardun kwamitin masallacin unguwa da ake cikawa kafin aure, na ce mu shirya su ko Uppa zai sauko. Soyayyiyar ayaba na hannunsa na hagu, biro a dama, ya sa hannu wuri huɗu bai duba ko layi ɗaya ba. Ya ce ai ni ce lauyar gidan.

A ƙa'ida sai bayan wata goma sha takwas ake buga takarda a mujallar hukuma, amma in ka nema ana yi maka da wuri, na kuwa nema. Shirina mai sauƙi ne a ganina: ta fito, in nuna wa Uppa, a sa rana, in janye ta shiru. Na san su Shibili duk Asabar suna taruwa su karanta mujallar da ta fito Juma'a, suna farautar manhajojin da aka yi wa sutura don su ƙalubalance su kafin a amince, tunda doka ta ba kowa wannan dama. Amma na sha zama da su, na san sashen kwamfuta kawai suke dubawa. Tawa na tsara ta yadda za ta faɗa sashen sadarwa, da wani dogon take da ko ni sai na ja numfashi kafin in ƙarasa.

Jiya Juma'a ta fito. Na buga shafin a takarda mai kauri, na jira Uppa ya dawo daga masallaci ya ci shinkafarsa da kifi, sannan na ajiye masa a gefen kwano. Ya sa tabarau. Turanci ba ya yi masa daɗi, amma ya gane sunan, ya gane na hukuma ne, ya bi harafin da yatsa sau biyu. Ya ce ashe yaron yana da hankali, ɓoyewa yake yi. Nan take ya kira kawun Shibili ya ce su zo ranar Lahadi a tsayar da rana. Umma ta kwashe hotunan 'yan Sharjah ta zuba a durowa, ta jiƙa shinkafar pathiri, gurasar da muke yi wa baƙi, ta aika a sayo kaji. Na roƙi Uppa kada ya yi wa Shibili zancen takardar, na ce kunya yake ji.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Me kika yi wa Uppa? Asiri?"

"Addu'a."

"To kada ki daina. Ummata har ta fara kuka."

Na rungume wayar a ƙirji, rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Yau Asabar da la'asar na tafi taron nasu. Ba na fashi, kuma kun san ba don son manhaja nake zuwa ba. Na sa riga ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na fesa turaren da yake so. A saman wani ɗakin karatu suke haɗuwa kusa da dandalin Mananchira, mutum kamar ashirin, benci da fanka mai kuka, da baƙin shayi a ƙananan kofuna. Babbansu Kunhiraman Mash (Mash shi ne malam a wurinmu), tsohon malamin lissafi da ya koyar da rabinsu, shi ke zama kusa da allo. Da muka shiga Shibili ya sanar da maganar Lahadi, aka yi ta tafi, ana tsokanarsa wai an kama shi da kwaɗo da mukulli. Nimisha ta taso ta rungume ni, tana warin ruwan sama da man kwakwa, ta ce ta fi kowa murna don ta gaji da jin sunana sau hamsin a rana. Na yi mata murmushin da bai wuce leɓe ba, a raina na ce munafuka.

Aka fara karatu. Wani mai gemu da ake kira Bineesh shi ke haska shafuka a bango yana karantawa da muryar lauya, ana dariya. Sashen kwamfuta bai da yawa wannan makon, kafin shayi ya huce sun gama, sun ware biyu da za su ƙalubalanta. Har na fara neman jakata. Sai Nimisha ta ce tunda da sauran lokaci a leƙa sashen sadarwa, ta lura 'yan watannin nan lauyoyi can suke kai ɓoyo. Ta juyo tana dariya ta ce ba da ni take ba.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta biyar Bineesh ya ja dogon taken nan nawa yana numfarfashi da gangan, ɗaki ya ɗauki dariya, ya ce wannan ko ba a faɗa ba manhaja ce aka sa wa rawani. Daga ƙasa ya fara haskawa, bai kai kan suna ba. Sai na ji muryar Nimisha, ba dariya a ciki.

"Tsaya. Koma kan zanen."

Jirage bakwai. Na sake zana su da kwamfuta, na yi musu lambobi, amma ban canza jerinsu ba, har da na huɗun da ta karkatar gefe. Ta ce wannan zanenta ne, kuma mutum biyu ne kawai a duniya suka taɓa ganinsa. Bineesh ya ja shafin sama. Sunan Shibili ya fito a bango da manyan baƙaƙe, mai nema shi, mai ƙirƙira shi, da adireshin gidansu.

Nan take ɗaki ya kaure da hayaniya. Wani ya ce daman ya faɗa, duk mai yawan wa'azi a duba aljihunsa. Wani ya ce shekara shida yana bin mutumin nan kamar annabi. Bineesh ya ce kalmar da ba zan maimaita ba, ya ce a cire shi daga manhajar yau ɗin nan. Shibili yana zaune kusa da ni, kofin shayi a hannu, yana kallon bango kamar wanda ake nuna wa kabarinsa.

Kun san wa ya tashi? Ba ni ba. Ita ce, wadda aka sace wa aiki aka goge sunanta, ta miƙe ta buga benci.

"Shibili bai yi wannan ba. Ko da hatimi goma ne a jiki, bai yi ba. Shekara huɗu ina aiki da shi, ko waƙafi ya aro daga wani sai ya rubuta sunan mai shi."

'Yan uwa, a wannan lokacin da ya kamata kunya ta kashe ni, kun san me na fara ji? Kishi. Wai ita ce ta san shi haka, ita ce za ta tsaya masa babu hujja babu tambaya, a gabana. Ni da zan aure shi ina zaune hannuna a cikin jaka ina murɗa hankici. Na tsani kaina, na kuma ƙara tsanarta, duka a numfashi ɗaya.

Ta ce bari ta buɗe fayil ɗin, tunda da zarar an buga takarda duk abin da aka miƙa wa hukuma a buɗe yake ga kowa. Ta ja kwamfutarta kan cinya, ba a haɗa ta da bango ba. Ina kallon fuskarta tana sauka shafi-shafi. Na ga lokacin da ta kai sa hannunsa, na ga lokacin da ta kai shafin ƙarshe inda wakili ke sa suna da lambar rajista. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ba harara ba ce ma, da harara ce da ta fi min sauƙi. Sai ta juya kwamfutar ta miƙa wa Shibili shi kaɗai.

Ya daɗe yana kallo. Bai waiwayo ni ba ko sau ɗaya.

Mash ya yi gyaran murya, kowa ya yi shiru. Ya tambaye shi a hankali ko akwai sa hannunsa a ciki.

"Akwai, Mash."

"Naka ne, ko an kwaikwaya?"

"Nawa ne."

"Ka karanta kafin ka sa?"

Ya rufe kwamfutar ya mayar wa Nimisha. "Abin da hannuna ya sa, ni na sa. Ranar Litinin za a janye. Dabarar ta Nimisha ce daga farko har ƙarshe, ku rubuta haka a littafin taro."

Sannan ya ce ya sauka daga riƙon manhajar, ya miƙa wa Nimisha ikon amincewa da gyare-gyare har ƙungiya ta yanke hukunci. Abin da ya fara rubutawa tun yana ɗalibi, a kwamfutar aro. Nimisha ta ce ba ta karɓa ba, Mash ya ce ta karɓa, haka ƙa'ida take. Mutum ashirin suna yi masa kallon ɓarawo, ni ina zaune ina gyara mayafi.

Muka sauko bene, ruwa ya fara yayyafi. Ya buɗe lemarsa ya riƙe min kamar kullum, muka taka zuwa inda kekuna masu ƙafa uku ke tsayawa. Wayata ta yi ƙara a jaka, na leƙa. Nimisha ce: "Ba zan faɗa ba. Amma Bineesh zai buɗe fayil ɗin da kansa kafin gobe, kin san halinsa. Ki riga shi." Ko zagi ɗaya babu. Na so ta zage ni, in samu abin riƙewa.

Sai da muka kai bakin titi ya yi magana.

"Saboda Uppa ne?"

"E, Ikka." Haka nake kiransa, wato yaya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ya fahimta. Ya ce da na nemi izininsa da ya ƙi, da mun yi faɗa, amma ya san wata takwas ɗin nan ba su zo min da sauƙi ba, shi ma da laifinsa da ya mayar da maganar Uppa wasa. Takarda ana janye ta, ko da yake mujalla ba ta goguwa, kuma sunansa a wurin mutanen can da aiki zai wanke shi ko da shekara nawa ne. Na fara kuka, kukan samun sauƙi, har na kama hannun rigarsa. Sai ya ce yana da tambaya ɗaya.

"Gurbin nan na mai ƙirƙira, suna nawa yake ɗauka?"

"Ko nawa ne."

"Kin san ita ce ta gano shi. Da bakina na gaya miki."

"Na sani."

"To mantuwa kika yi?"

Ga ƙofa ya buɗe min. Da na ce e, da ya karɓa, don so yake ya karɓa, na gani a idonsa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na kai ƙarshen nawa.

"Ban manta ba. Na fara rubutawa, na goge."

Ya zare hannun rigarsa daga hannuna a hankali. Ya ce shekara guda yana ganin ina shan ƙamshi in an ambaci Nimisha, yana ɗauka wasan mata ne, har daɗi yake ji wai ana kishinsa. Bai taɓa zaton zan iya ɗauke wa mutum gumin goshinsa saboda haka ba. Ya ce wanda aka yi masa shi ya yafe, amma wancan ba nasa ba ne balle ya yafe.

Na tambaye shi gobe fa.

"Za mu zo. Ba zan kunyata Uppa da Ummata ba. Amma kafin kawu ya buɗe baki ya nemi rana, ke za ki gaya wa Uppa da bakinki sunan da ya kamata ya kasance a takardar nan, da yadda aka yi na sa hannu. In bayan ya ji ya ba ni ke, na karɓa da hannu biyu. In ba ki faɗa ba, zan sha shayi in gaishe shi in tafi."

Na ce ai ya san Uppa, takardar nan ce kaɗai ta sa ya yarda, in ya ji ba tasa ba ce an koma gidan jiya, ko ma abin da ya fi haka. Ya ce ya sani. Ya tsayar min da keke, ya miƙa min lemar, shi ya juya cikin ruwa.

Na iso gida kafin magariba. Tun daga ƙofa ƙamshin soyayyiyar albasa ya tare ni, takalma jibge a baranda. 'Yan uwan Uppa sun zo daga Feroke don su kwana a yi da su gobe, ƙannensa biyu da yayarsa mai kaifin baki. Umma na kicin tana murza pathiri tana waƙa, abin da na shekara ban ji ba. Na so in sulale ɗaki, Uppa ya hango ni daga falo.

Takardar na hannunsa. Har ya kai an sa mata gilashi da firam na katakon da ya zaɓa da kansa, yana zagayawa da ita daga wannan hannu zuwa wancan. Fuskarsa kamar gonar auduga, rabon da in ga haƙoransa haka tun ranar da na gama jami'a. Ya matsa ya yi min wuri kusa da shi, ya ɗora min firam ɗin a cinya.

"Zo, 'yata, ke kika san Turancin. Karanta musu da ƙarfi su ji irin surukin da zan yi. Fara daga sunan."